Tambayi Anti: An ce in dawo a sake min hoton mama, barci ya ƙaurace min

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 44, yarana biyar, autar ma ta shiga firamare. Watan Oktoba aka kawo mana masu wayar da kai kan kansar mama a wajen aiki, suka ce duk wadda ta kai 40 ta je ta yi hoton nan mamogiram, ni wallahi ba abin da ke damuna, ba ƙullutu ba ciwo ba komai, ƙawata ce ma ta ja ni muka tafi tare bayan an yi albashi. Ita aka ba ta nata aka ce lafiya lau, ni kuma aka ce in dawo za a ƙara ɗaukar na hagu kuma a yi min sikanin, a takardar na ga an rubuta BI-RADS 0. Anti tun ranar ban sake barcin kirki ba, in na farka ƙarfe biyu sai in ɗau waya in shiga Google har asuba, kullum ina cikin latsa wajen har ya fara min tsami. Gwaggona yayar babanmu daji ne ajalinta, ta fi shekara ana mata na gida kafin a kai ta asibiti, ni na yi jinyarta na ga yadda ta ƙare. Maigida ban faɗa masa ba, yana dai ta tambaya wai me ya sa na rame. Saura kwana tara ranar da suka ba ni, kuma zuciyata na ce min kawai kar in koma tunda lafiyata ƙalau, ga maƙwabciyata na cewa daji ba ya son ƙarfe, da an soka allura shikenan an tsokano shi. Ya zan yi Anti?
Maman biyar, daga Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Gwaggo ya sa jinya ta zama kaffara. Ni ban ga laifinki ba ko kaɗan, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ai sai ya zabura. Amma fa ranar nan za ki koma, ko da kuka ko da karkarwa, wannan na fara faɗa miki tun kafin mu shiga bayani saboda kar ki karanta rabi wayarki ta mutu.

Toh bari mu fara da sifilin nan da ya hana ki barci. BI-RADS wani tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da shi don kowane likita ya gane abin da ɗan'uwansa yake nufi, lamba ce daga 0 zuwa 6. Lamba 1 ba a ga komai ba, 2 an ga wani abu amma an tabbatar ba mugu ba ne, 3 kusan tabbas ba komai amma a sake dubawa bayan wata shida, 4 da 5 su ne ake cewa a ɗebi ɗan nama a gwada, 6 kuma ta wadda dama an riga an tabbatar tana da ciwon ce. Shi 0 ɗin naki ba ya cikin masu kyau ba ya cikin marasa kyau, abin da yake nufi kawai shi ne aikin bai kammala ba, likita ya duba hoton ya ce bai ishe shi ya yanke magana ba a ƙaro masa. Kamar tela ce ta auna ki, kin tafi, ta zo yanka ta ga ba ta rubuta kafaɗa ba ta kira ki a waya.

Kuma abubuwan da ke sa a kira mace ta dawo yawa gare su. Na farko ma wannan ne hotonki na fari, ba su da tsohon da za su ajiye gefe su kwatanta, dan haka duk ɗan abin da suka gani sabo ne a wajensu ko da kuwa da shi kika yi ƙuruciya. Sannan maman mace mai shekarunki wadda ba ta daina al'ada ba sau da yawa namansa a cure yake, a hoto fari yake fitowa, shi ma ƙari fari yake fitowa, kin ga neman farar kaza ne a cikin tulin auduga, shi ya sa suke haɗawa da sikanin don shi yana bambance ƙullin ruwa da ƙullin nama. Wani lokacin naman ne ya hau kan juna sanda aka matse ya yi inuwa, da an sauya kwana an sake ɗauka sai a ga wayam. Wani lokacin mace ta ɗan motsa. Har hoda da rol-on ɗin hammata suna iya fitowa kamar ɗigo-ɗigon fari su ruɗa hoto.

Ga lissafi in kina son lissafi. A Ingila hukumar lafiyarsu ta NHS ta ce cikin mata 100 da aka yi wa hoton kamar 4 ake kira su dawo, cikin huɗun nan kuma 1 ce ake samu da ciwon kansa, ukun su koma gida lafiya. A Amurka sun fi yawan kira, kamar 10 cikin 100, amma cikin waɗanda aka kira ɗin ba ta kai 1 cikin 10 ba wadda ake samu da ciwon. Lissafin can ne, amma injin iri ɗaya ne kuma dalilan kiran su ne dai waɗannan da na zayyano miki.

Ni ɗin nan da nake rubuta miki an taɓa kirana. Ban manta ba, benci ne dogo mu shida a kai kowa ta rungume jaka ba mai ce wa kowa uffan, wata dattijuwa a gefena tana jan carbi da ƙarfi har ina jin ƙas ƙas ɗinsa. Aka kira ni, farantin nan mai sanyi ya matse ni kamar za a fitar da ƙuli, nas ta ce Hajiya riƙe numfashi, na riƙe har na manta in saki. Aka wuce da ni ɗakin sikanin aka shafa min man nan mai sanyi, likitar tana ta zagaya abin hannunta ta yi shiru, shirun nan da bai fi minti biyu ba wallahi ya fi min sati biyun da na yi ina jira tsawo. Can ta juyo min da allon ta nuna min wani baƙin abu zagayayye kamar ƙwayar gyaɗa ta ce ruwa ne, ƙullin ruwa, mata da yawa suna da shi. Na fito na sayi lemo mai sanyi a bakin get na shanye a tsaye kamar 'yar makaranta. Ba wai ina ce miki naki ma dole haka zai zama ba, ni ban ga hotonki ba kuma ba zan miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba, amma sati biyun nan da na yi ina raba gadon kayan ɗakina a zuci ba su ƙara min komai ba sai hawan jini.

Maganar Gwaggo, ki faɗa wa likita, don tarihin dangin uba ma ana lissafa shi kamar na dangin uwa, ki faɗi shekarunta sanda abin ya same ta in kin sani. Sai dai ki sani kansar mama da ake gado ba ta wuce kamar 5 zuwa 10 cikin 100 ba, yawanci ba gado ba ne. Kuma ki kula da abin da kika rubuta da hannunki, ta fi shekara ana na gida. Abin da kika gani a ɗakin jinyar nan ciwon da aka bari ya yi shekara yana cin karensa babu babbaka ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu hali sama da 90 cikin 100 na matan da aka samu da ciwon suna nan da ransu bayan shekara 5, kuma babban abin da ya raba mu da su zuwa da wuri ne da samun magani a kan kari. Ke da ko ƙullutu ba ki ji ba, in ma Allah ya ƙaddara akwai wani abu, to kin riske shi tun yana ƙarami, ba inda Gwaggo ta riske shi ba.

Ita kuwa maƙwabciya a gaishe ta, amma zancen ƙarfe ba haka yake ba. Gwajin da ake cewa bayofsi, ana kashe wajen da allura ne a ɗebi ɗan tsinken nama a kai lab, ba ya watsa ciwo, kuma mafi yawan waɗanda ake wa gwajin ma sakamakon yana fitowa ba kansa ba ne. Abin da ya sa mutanenmu suka riƙe wancan zancen, mace ce za a kai ta asibiti ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, a yi gwaji, bayan wata biyu ta rasu, sai a ce allura ce, ba wanda zai tuna shekarar da aka ɓata ana shafe-shafe da hayaƙi. Ke ma fa ba a ce za a miki bayofsi ba, hoto da sikanin aka ce, kar ki tsallake rami tun ba ki iso bakinsa ba.

Yanzu kwana taran nan. Gobe ki kira su ko ki leƙa ki tambaya ko akwai gurbi kafin ranar, mutane suna fasawa, ba abin kunya ba ne ki ce hankalinki a tashe yake. Ki daina latsawa, ke kike jawo tsamin nan da hannunki sannan ki tsorata da shi. Waya kuma ki bar ta a falo tana caji in za ki kwanta, Google ɗin ƙarfe biyun dare bai san ki ba bai ga hotonki ba, kuma waɗanda aka kira suka koma aka ce ba komai ba sa zuwa su rubuta labari a intanet, sun koma kicin ɗinsu, masu labarin tashin hankali ne ke cika shafi. In kin farka ki yi alwala ki yi raka'a biyu ki yi ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil, in tunanin ya matsa ki ɗau biro ki rubuta shi a matsayin tambayar da za ki yi wa likita, ya zauna a takarda ya bar ƙirjinki. Addu'a da komawa asibiti ba kishiyoyi ba ne, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Maigida kuma ki faɗa masa, mutumin da ya lura kin rame ai ya cancanci ya ji dalili, kar ya je yana zargin kansa ko ya miki wani laifi ne. In kin san shi mai ruɗewa ne ya tara miki dangi, toh ki samu mutum ɗaya mai riƙe magana, ko ƙawar nan da ta ja ki tunda ita ta fara sai ta ƙarasa ladanta ta raka ki. Amma ban da guruf ɗin WhatsApp na family dan Allah, kafin magariba za ki samu lambar masu magani bakwai.

Ranar ki sa riga da zani ko siket, ban da doguwar riga don sama kawai ake cirewa, kar ki shafa hoda ko rol-on ko mai a ƙirji da hammata, ki tafi da takardar farko da faifan hoton in sun ba ki, da ɗan kuɗi a jaka ko za a buƙaci ƙari. In kin fi sakewa da mace ki nema tun a kanta. Kafin ki fito ki tambaya yaushe sakamako zai fito, wa zai miki bayaninsa, kuma wace lamba aka ba ki yanzu. In kuma bayan an gama komai fargabar ta ƙi sakinki, ba ci ba barci ga faɗuwar gaba har sati biyu ko fiye, wannan ma ciwo ne mai zaman kansa kuma yana da magani, ki faɗa wa likita. Ki rubuto min yadda ake ciki, ina jira.

TAMBAYA

Anti barka da war haka. Ni ma na yi hoton mama, a takardata BI-RADS 3 aka rubuta aka ce in dawo bayan wata shida. Ya za a ce an ga abu kuma a ce in je in zauna? Kuma yawan hoton nan ba shi ke kawo kansar ba?
Wata 'yar'uwa, daga Zariya.

AMSA

Barka kadai 'yar'uwa. Lamba 3 ana ba da ita ne in likita ya ga abin ya yi kama da marar illa sosai, yiwuwar ya zama kansa ba ta wuce 2 cikin 100 ba, sai a ce maimakon a soka miki allura a banza bari a ba shi lokaci a ga ko zai sauya, in bai sauya ba a ci gaba da leƙa shi har kamar shekara biyu sannan a sallame shi. Hasken hoton kuma ɗan kaɗan ne, bai wuce wanda jikinki ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama cikin kamar sati bakwai kina zaune a gida ba. Inda mata ke faɗuwa a nan mantuwa ce, wata shida sai ya zama shekara biyu, dan haka yau ɗin nan ki sa ranar a wayarki ki kuma rubuta a bangon fayil ɗin. In kuma kafin lokacin kika ji sabon ƙullutu a mama ko hammata, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta koma kamar ɓawon lemo, kar ki jira wata shidan ya cika, ki koma a satin.