Ki ci awararki, ƙwayar ce ba a ajiyewa

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa barkanmu da yamma, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara mana sauƙi. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, na maƙwabta ne, tun jiya ba mu ga wuta ba a nan Agege.

To ƙanwata, ke da kika turo saƙo da asuba. Sau biyu na saurare shi. Kin ce wata 7 ke nan kina shan tamoksifen, ƙwayar da ake ba mu bayan aikin ciwon dajin mama, zafin jikin da take tayarwa ya hana ki barci, kina tambaya wai ko awara da madarar waken suya suna dawo da ciwon. Can ƙarshe kuma, murya ƙasa-ƙasa, kika ce ko za ki ɗan huta da ƙwayar tunda za ki Kano biki. Na ga kowa ya bi ta kan awara. Ni kuwa ba awara na ji ba. Abin da na ji, kin gaji da ƙwayar nan, kina neman wadda za ta ce miki ajiye. To wallahi ba daga bakina ba.

Bari in sallami awarar tukuna. Ki ci abarki. Ni ma an tsorata ni da ita, na yi kusan shekara ban kai ta baki ba, sai da na tambayi likita ya ce waken suya a matsayin abinci, awara ko madara daidai misali, ba komai. Abin da ya hana ni shi ne ƙwayoyin nan na kwalba da ake cewa daga waken aka tatso su. Illar awara ɗaya ce, man da ake tsoma ta. Ƙiba ce ba a so a gare mu, don kitsen jiki ma yana yin sinadarin nan na mata, estirojin, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Shi ke nan maganar awara.

Yanzu ƙwaya. Irin ciwon da aka cire mana, ni da ke, gwaji ya nuna da wannan sinadarin yake girma. An yanke, an yi kemo, wato maganin kashe dajin, an yi gashi da na'ura, amma ana tsoron ɗan burbushin da ido ba ya gani, hoto ba ya nunawa. Tamoksifen zuwa yake ya tare ƙofar da sinadarin zai shiga ya ciyar da burbushin. Guda ɗaya ce a rana, miligiram 20, shekara 5, wasu a kai su har 10. Ba sabon magani ba ne da ake gwadawa a kanmu, tun shekarun 1970 mata ke shan sa. Kuma waɗanda suka cika shekara 5 ɗin, an ga mutuwa daga ciwon ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin 3. Ke ki duba, kashi ɗaya cikin 3. Wace jarka ce za ta ba ki wannan?

Na ce jarka, ai kun san inda zan je. Tsofaffin gidan nan sun sha ji, amma ita sabuwa ce, dole ta ji. An yi mini aiki a 2019, aka cire maman hagu da kaluluwar hammata. Na gama kemo, na fara ƙwaya, sai ga kullen korona a 2020, Legas ta tsaya cak, ba danfo ba komai. A lokacin zafin nan ya sa ni gaba. Cikin dare in farka zanin gado sharkaf kamar an sheƙa mini bokiti. Sai wata 'yar uwar maigidana ta zo, wai ta zo duba ni. Ta zauna a bakin gado ta ɗauki kwalin maganin tana jujjuyawa, ta ce, “Yaya, tun farko ai an yi kuskure, daji ba ya son ƙarfe, ga shi an yanka ki. Yanzu kuma wannan ƙwayar ce ke dafa miki ciki.” Ta ce akwai mai magani, ya warkar da wance, ya warkar da wance. Ba ta kawo mini ko ɗaya daga cikin wancen na gani ba. Aka kawo jarka biyu, ruwa baƙi ƙirin mai ɗaci, da wani gari a leda wai a kunu. Kuɗin da na tara na sarin atamfa, shi na miƙa. Sharaɗinsa ɗaya, wai kada a haɗa da na asibiti.

Na ajiye ƙwaya wata biyu cur. Kuma gaskiya zafin ya ragu, to me zai hana, tunda na daina shan abin da ke kawo shi? Ita kuwa ta bi dangi tana cewa maganinta ya yi aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe. Ni ga amai, ga gudawa, na rame na yi baƙi, ita tana karɓar godiya. Da hanya ta buɗe na koma asibiti na faɗi gaskiya. Likitan bai yi mini faɗa ba, shiru ya yi, ya rubuta gwajin hanta da na ƙoda da hoto. Kwanakin da na yi ina jiran sakamakon nan, ko maƙiyina ba na yi masa fatan su. Allah ya rufa asiri ba a ga komai ba. Amma har yau in na ji ɗan ciwo a baya, wata biyun nan nake tunawa. Kuma matar nan ko sau ɗaya ba ta ce yi haƙuri ba. Mun haɗu a suna a Idi-Araba bara, ta dube ni ta ce, “Kin ga yadda kika yi kyau.” Na ce alhamdulillahi, na wuce. Da na tsaya... a'a, bar shi, ba shi ya tara mu ba.

Kada a ce na ce a bar addu'a. Ina shan zamzam, ina tofi, ina cin dabinona da zuma. Abin da na ce, duk wanda ya ce ki ajiye na asibiti kafin nasa ya yi aiki, ki tashi ki bar wurin.

Zafin kuma, ba zan ce miki ƙarya ba ne, na san shi. Yana tasowa daga ƙirji ya hau wuya ya mamaye fuska, ga ki cikin danfo a gosulon Oshodi, mutum huɗu a layi, ba inda za ki motsa. Abin da ya taimake ni, na bar hijabin roba, na koma na auduga marar nauyi, rigar ciki ma auduga. Mafici ba ya barin jakata, da fiya wata mai sanyi, in ya taso in ɗora a wuya. Na sayi fanka mai caji saboda dare, ina ajiye tawul da rigar canji a gefen filo don kada in tashi ina lalube. Shayi mai zafi da citta da kanumfari da daddare, na lura yana tayar mini da shi, haka yaji mai yawa. Ke ma ki lura da naki, kowa da abin da ke tayar mata. Ni da na mayar da shan ƙwayar dare na ji dama, wata a nan ta ce ita da safe ya fi mata. Ki tsayar da lokaci ɗaya dai. In kin manta har gari ya waye, kada ki haɗa biyu. Azumi ma bai hana ba, guda ɗaya ce, ko da sahur ko bayan shan ruwa.

In duk kin yi ya ƙi, ki buɗe baki ki gaya wa likita. Akwai magungunan rage zafin da ba na sinadarin mata ba, su suka san wanda ya dace. Kada ki je kemis da kanki, don akwai magungunan damuwa, irin su faroksetin da fuloksetin, da ke rage wa tamoksifen ƙarfi. Duk likitan da zai rubuta miki wani abu, ko na haƙori ne, ki ce masa ga abin da nake sha.

Tafiyar Kano, ki je bikinki, Allah ya sanya alheri, amma da kwalinki a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a ɗaure a but ba. Abin da ya kamata ki tambaya ma ba ki tambaya ba. Ƙwayar nan tana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ke kuma za ki zauna a mota kusan kwana guda. Duk inda aka tsaya salla ko cin abinci ki sauka ki taka. A zaune ma ki riƙa motsa ƙafa. Ki sha ruwa, kada ki ƙi sha don gudun fitsari, wannan halinmu ne mata a hanya. In kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo da zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, asibiti a ranar, ba a shafa man zafi a jira gobe. Haka jini in ya zo ba lokacinsa ba, ko ga wadda al'adarta ta ɗauke ta ga jini, a je a duba mahaifa. Ba kasafai ba ne, amma ba a yi masa shiru.

Sai abin da na san za ki tarar a gidan biki, duk mata ne a nan, bari in faɗa. Za a jawo ki ɗaki a ce ga tsimi, ga gumba, ga na matsi, ki gyara wa maigida. Na san bushewar gaba na cikin abin da maganin ke kawowa, kunya ce ta hana ki faɗa. Kayan matan nan ba ki san me aka zuba ba, mai sayarwar ma sau da yawa sari ta yi. Akwai man da ake sayarwa a kemis, mai ruwa-ruwa, ba sinadari a ciki, shi za ki nema. Kuma in sun ce kin rame ga sha-ka-fashe, ki ce kin gode.

Za su yi miki maganar haihuwa, wannan kam ko ba a faɗa ba, yarinya ce ke, ɗa ɗaya gare ki. Ki ji da kyau, ba a ɗaukar ciki ana shan tamoksifen, yana iya cutar da abin da ke cikin. Ko al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ciki na iya shiga. Allurar tazara da ƙwayar tazara kuma ba namu ba ne, sinadari ne a ciki. A'a, bari in gyara, kada in ce duka, akwai na mahaifa mai jan ƙarfe da ba shi da sinadari, akwai kwaroron roba, ki tambaya a asibiti. Kuma ƙofar haihuwa ba a rufe take ba. Akwai tsarin da likitoci ke bi yanzu, mace ta sha wata 18 zuwa 30, a dakatar da sani, a jira maganin ya fita daga jiki, ta haihu, sannan ta koma ta ƙarasa. Amma su ke tsarawa suna bibiya, su duba irin ciwonki ko ya dace. Ke wata 7 kika yi. Ki tafi da maigidanki ranar asibiti ya ji da kunnensa, ya fi ki yi ta bayani a gida ana ganin ke ce ba kya so.

Hajiya da ta yi maganar ciwon gwiwa jiya, ban manta da ke ba. Ni ma da al'adata ta ɗauke aka mayar da ni letirozol, wata ƙwayar da ake bayarwa a madadin tamoksifen, sai na gane zafin can wasa ne. Da asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa, carbi ma da ƙyar, sujada sai na dafa bango. Na zaci kwanciya ce magani, ashe ita ke ƙara shi. Tafiya ce ta sassauta mini. Bayan asuba nake fita, kafin masu okada su cika titi, minti 30, kwana 5 a mako, shi ne minti 150 ɗin da ake faɗa. Da minti 10 na fara, ina haki. Shi wannan maganin yana rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ake haɗa mana da kalsiyam da bitamin D, a kuma yi hoton ƙashi. In ciwon ya fi ƙarfinki, ana iya canza miki zuwa ɗan'uwansa, ba shi kaɗai ba ne. Ki faɗa kawai, Hajiya, kada ki yi ta cijewa.

Na so in yi maganar kumburin hannu, masu sa awarwaro mai matsewa da ɗaukar bokiti a ɓangaren da aka yi aiki, amma an kira magariba, sai wani lokacin. Abu ɗaya dai, hannun in ya yi ja ya yi zafi ga zazzaɓi, kada a kwana da shi a gida.

Ƙanwata, yau da daddare ki sha ƙwayarki. In kuma kin riga kin ajiye kwana biyu kina jin nauyin faɗa, ba wanda zai zage ki, ki kira ni ta gefe. Yaushe ne ranar asibitinki? In kafin tafiyar ce, ki rubuta zafin da bushewar da maganar haihuwa a takarda, don in an shiga gaban likita mantawa ake yi. In ba mai raka ki, ki gaya mini, in rufe shago mu je tare. Sai anjima, wassalamu alaikum.