Jiri da ciwon ɓarin kai: yana sauya ƙwaƙwalwa?

Malama, kin ce jiri na ɗibarki tare da ciwon ɓarin kai, kin kuma ji wai yana sauya ƙwaƙwalwa. Kwantar da hankalinki. Masu bincike sun ga ɗan bambanci a sassan ƙwaƙwalwa da ke kula da daidaiton jiki da jin zafi, amma sai an kwatanta rukunin mutane yake fitowa. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI na mutum ɗaya galibi lafiya lau yake.

Da bayaninki likita zai gane cutar: jiri aƙalla sau 5, kowanne minti 5 zuwa awa 72, aƙalla rabinsu da ciwon kai ko ƙin haske da ƙara. Kada ki ɗora kanki kan maganin taifod ko shan maganin jiri na Stugeron kullum. Rubuta ranakun jirin, ki kai wa likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa na Shika. In baki ya karkace ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take.