Ku Tambaya Mu Amsa: Sanata ya sauya sheƙa, kujerar ta waye?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina son ƙarin bayani. Mu a Kano ta Kudu NNPP muka zaɓa a 2023, sai ga shi sanatanmu Kawu Sumaila ya koma APC a 2025 kuma yana nan kan kujerarsa, wai doka ta yarda da haka ne? Daga wani mai karatu a Wudil.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya dokar tana nan, aiki da ita ne babu. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi duk ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsaida shi ya koma wata kafin wa'adinsa ya ƙare to ya rasa kujerar, sai dai in jam'iyyar ta rabe gida biyu ko ta haɗe da wata, to ta wannan ƙofar kowa yake fita, sai ka ji an karanta wasiƙa a zauren majalisa wai rikici ya yi yawa a jam'iyyarsa. Kotun Ƙoli kuwa tun 2015 a shari'ar Abegunde, wani ɗan majalisar wakilai na jihar Ondo da ya sauya sheƙa, ta ce rabuwar sai ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa, rigimar reshen jiha bata isa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, shugaban majalisa ne zai bayyana cewa kujera ta zama ba kowa, kuma galibi jam'iyyarsa ce ake shigowa, yaya za'ayi ya kori baƙon da ya ƙara masa yawa? Ka duba, sanatoci 109 ne, bayan zaɓen 2023 APC na da 59, PDP 36, LP 8, NNPP da SDP bibbiyu, APGA da YPP ɗaiɗai. Wato 'yan adawa 50 ne cur, adadin da zai iya hana a samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata wajen gyaran kundin tsarin mulki. Kowace sauya sheƙa rage wannan ƙarfin take yi, abin nan yana min ciwo wallahi, don ƙuri'ar talaka ce ake ɗauka a kai inda bai aike ta ba.

Abin da ya rage muku, NNPP ta je kotu, ko ku yi kiranye, amma shi sai sama da rabin masu rajistar mazaɓar sun sa hannu INEC ta tantance, an gwada kan Sanata Dino Melaye na jihar Kogi a 2018 bai yiwu ba.