Tambaya da Amsa: Shin Akwai Ganyen Shayin da Ke Ƙara Daraja Idan Ya Daɗe a Ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, kuma ina zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Wani abokin ciniki ya ba ni kyautar ganyen shayi da aka danne kamar faifai, ya ce in adana shi domin yana ƙara daɗi da daraja idan ya shekara. Na dafa kaɗan na ji ɗaci da bauri. Ta yaya zan gane ko ya cancanci ajiya, kuma yaya zan adana shi a nan Zariya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da aka ba ka shi ne shayin Pu'er, wanda ake yi a lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin Sin daga wani irin shayi mai faɗin ganye. Yawanci kowane faifai giram 357 ne, kuma ana ɗaure guda bakwai a cikin ɓawon gora. Maganar abokinka gaskiya ce, amma da sharaɗi, domin ajiya ba ta sanya wa ganye abin da babu shi tun farko.

Da farko ka duba takardar da aka naɗe shi, ko ka tambayi wanda ya ba ka, domin iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda suke kira sheng, wanda ake soyawa sama-sama, a murza, a shanya a rana, sannan a turara a danne. Tun da wuta ba ta kashe shi gaba ɗaya ba, yana ci gaba da sauyawa a hankali har shekaru ashirin ko fiye. Akwai kuma nunanne, wato shou, wanda aka fito da hanyar yinsa a Kunming, babban birnin Yunnan, a 1973, inda ake tara ganyen a jiƙa shi a rufe na kusan wata biyu domin a gaggauta abin da shekaru suke yi. Wannan ya riga ya yi yawancin tafiyarsa. Ɗaci da baurin da ka ambata sun fi kama da na ɗanyen.

Wajen ɗanɗano ne hukuncin yake. Ka ɓantari kimanin giram shida, ka zuba masa tafasasshen ruwa ka zubar nan take, sannan ka riƙa jiƙa shi a ɗan ƙaramin kofi na daƙiƙa goma zuwa ashirin kana tacewa, ba sukari ba madara. Kada ɗacin ya tsorata ka. Abin lura shi ne abin da ke biyo bayansa. Idan ɗacin ya wuce da sauri ya bar zaƙi a maƙogwaro, kamar yadda ruwa yake yi a bakin wanda ya gama cin goro, kuma yawu ya taru a ƙarƙashin harshe, to ganyen yana da ƙarfin da shekaru za su tausasa. Idan kuwa ɗacin ya maƙale a harshe ya ƙi tafiya, ko ruwan ya zama salam bayan zubi uku ko huɗu, a ganina ba shi da abin da za a jira. Ganye mai nagarta yakan kai zubi goma yana ba da ɗanɗano, ruwansa da kauri a baki kuma garau a ido. Sabo yakan ba da ruwa rawaya-rawaya, wanda ya manyanta kuwa ja mai duhu. Warin fumfuna ko tsami alama ce ta lalacewa, kuma irin wannan ba a sha.

Ajiya a Zariya tana da wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wannan ganye yana son laimar iska ta kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, alhali hunturunmu daga Disamba zuwa Fabrairu yana busar da komai, har ƙamshin ganyen ya gudu sauyawarsa ta tsaya. A watan Agusta kuma laima takan yi yawa har fumfuna ta kama shi. Ka bar shi a takardarsa, ka sa shi a sabuwar tukunyar ƙasa busasshiya mai murfi, a ɗakin da rana ba ta shiga, a ɗage daga ƙasa da jikin bango. Da hunturu ka ƙara sa shi a leda mai rufewa, da damina ka riƙa buɗewa kana dubawa. Ka nisanta shi da turaren wuta, daddawa, kananzir da hayaƙin girki, domin duk warin da ya sha ba ya fita, kuma kada ka sa shi a firji.

Batun daraja kuwa, kada ka ɗauke shi jari, domin farashinsa ya taɓa hauhawa a Sin sannan ya faɗi warwas a 2007, jabu kuma ya yi yawa. Ka ɗanɗana shi sau ɗaya a shekara a ƙarshen damina, ka rubuta launi da ɗanɗanon da ka samu, kuma idan shekara biyu ta wuce ka ji ƙamshin yana raguwa maimakon ya zurfafa, ka fara shan abinka.