Amsa: Microsoft 365 ya cancanci kuɗin da ake biya duk shekara?

Ɗan'uwa, ka ce aikinka a shago bai wuce buga takardu da lissafin ciniki a Excel ba, kana tambaya ko ka ci gaba da biyan Microsoft 365. Ni dai a ganina ka daina.

Abin da ke cin kuɗin nan shi ne ma'ajiyar fayiloli ta intanet, wato OneDrive, mai terabait 1 (kusan gigabait 1,000) da sabuntawar da ake yi kullum. Kai da kwamfuta ɗaya, ga data da tsada, yaushe za ka cika terabait? Akwai wata manhajar ofis mai suna LibreOffice, kyauta ce, tana buɗe fayilolin Word da Excel ba tare da intanet ba, sai dai wani lokaci tana hargitsa tsarin tebur idan kwastoma ya kawo fayil mai ado da yawa. Idan wannan ne zai dame ka, akwai Office 2024, sau ɗaya ake saya a huta.

Inda biyan yake da riba shi ne tsarin Family: mutum shida, kowa da terabait ɗinsa. Mu a gidanmu haka muke karo-karo, ni da ƙannena masu karatu.

Kafin ka soke, ka kwashe fayilolinka daga OneDrive, domin ma'ajiyar kyauta gigabait 5 ce kacal.