Bambancin ROUND na Excel da round na Python

Tambayarka ita ce me ya sa ROUND(2.5,0) yake ba da 3 a Excel, amma da ka mayar da lissafin zuwa Python sai round(2.5) ya ba ka 2. Dukansu biyu suna mayar da lamba mai ɗigo zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa ne, amma ƙa'idojinsu sun sha bamban idan lamba ta tsaya daidai a tsakiyar cikakkun lambobi biyu: Excel yana nesanta ta daga sifili, shi kuwa Python 3 yana kai ta ga cikakkiyar lamba mafi kusa wadda take rabuwa biyu ba saura, shi ya sa 2.5 take komawa 2, ita kuma 3.5 ta koma 4. Mafita ita ce ka ɗauko decimal, wato kundin Python na lissafin lambobi masu ɗigo, ka rubuta Decimal("2.5").quantize(Decimal("1"), rounding=ROUND_HALF_UP), zai ba ka 3, kuma -2.5 za ta zama -3 kamar yadda Excel yake yi.

Sai dai akwai sharaɗi guda da na sha wahalarsa sa'ad da nake lissafin albashi, inda jimillar ta riƙa gaza da kwabo ɗaya: dole ne ka sa lambar cikin alamar zance. Idan ka rubuta Decimal(2.675) tsirara, kwamfuta ta riga ta ajiye ta ƙasa da 2.675 kaɗan, don haka idan ka taƙaita ta zuwa lamba biyu bayan ɗigo za ka samu 2.67 maimakon 2.68.