Ƙaiƙayin Gaba Bayan Ɗaukewar Al'ada

Tambaya: Likita, shekaruna 53, kuma al'adata ta ɗauke tun shekara biyu da suka wuce. Ina fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Sau uku ina sayen maganin sanyi a kemis, amma yana dawowa. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar da naman gwarin Candida ke haddasawa, sai dai ba ta cika kama matan da suka daina al'ada ba, domin raguwar estrogen, wato sinadarin jikin mata, na hana ta samun wurin yaɗuwa. Saboda haka, idan tana dawowa a shekarunki, abu na farko shi ne a gwada sukarin jininki, don ciwon suga na ciyar da ita. Sau da yawa ma bushewar farji ce ke kawo ƙaiƙayin, wadda maganin naman gwari irin su clotrimazole ba zai warkar ba. Ki je asibiti a ɗauki ruwan a duba, ki daina matsi da wanke ciki da sabulu mai ƙamshi. Idan kuwa kika ga jini, ko ɗigo ne, kada ki jinkirta ganin likitan mata.